Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin ilimi da na al'adu na jihohin Arewa: ina gurbin mai wasa shi kaɗai?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe masu girma kwamishinoni, da shugabannin hukumomin ilimin firamare na jihohinmu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya taya ku riƙo.

Ni dai ba wani ba ne, ɗan wasa ne, irin wanda yake tsayawa gaban mutane shi kaɗai babu abokin wasa babu labule, ya zama tsohuwa, ya zama jikanta, ya zama kurar da ta tare su a bakin rafi, duk a cikin minti goma. Na haura shekara 20 a wannan sana'a, kuma kusan rabin shekarun nan na yi su ne ina bin makarantun firamare ina koya wa yara da malamansu yadda ake ba da labari. Ba mu da ƙungiya mai rajista balle hatimi, abin da muke da shi guruf ne a WhatsApp, a ciki akwai 'yan kama, akwai tsofaffin 'yan wasan rediyo, akwai malaman Hausa, akwai iyaye mata da har yanzu suke tara yaran unguwa bayan sallar isha'i su ce ga ta nan ga ta nanku. Su ne suka ce tunda ni na fi su surutu in rubuta, to da yawunsu nake magana.

Abu biyu ne suka sa na ɗauki waya na zauna rubutun nan. Na farko, a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin nan na 2022 da ya ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa, an koma Turanci. Ba a kan wannan zan yi gardama yau ba, masana suna can suna ta yi. Amma kun fi ni sanin yadda umarni yake yin ƙiba in ya taso daga Abuja kafin ya iso ƙauye. Ba a ce a daina koyar da Hausa a matsayin darasi ba, ba a ce a kori tatsuniya ba, amma ba a yi sati uku ba wani hedimasta da na shekara huɗu ina zuwa makarantarsa duk ranar Juma'a ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce malam ka ɗan dakata tukuna, an ce yanzu komai Turanci, kada masu duba makarantu su zo su same ka kana Gizo da Ƙoƙi su ce ni ne ban bi doka ba. Ban ga laifinsa ba wallahi, mutum ne mai tsoron abincinsa. Har yau ban koma ba.

Na biyu kuma maigidana, wanda ya koya min sana'ar nan, yana kwance. Shanyewar ɓarin jiki ce, bakin da ya ciyar da iyali shekara arba'in yanzu da ƙyar yake haɗa kalma uku.

Bari in ɗan gaya muku yadda yake aiki, don na lura da yawa daga cikin manyanmu in an ce ɗan wasa abin da yake zuwa musu a rai shi ne mai shafa bula a fuska yana faɗuwa ƙasa. Maigida kayan aikinsa uku ne, hula, sanda da wani tsohon mayafi na matarsa. In ya tura hular gaban goshi ya ɗaga haɓa, sarki ne. In ya karkatar da ita ya ranƙwafa ya juya hagu, bafade ne. In ya yafa mayafin ya kama ƙugu, to Ƙoƙi ce ta fito da masifarta. Sanda kuwa yanzu doki ce, an jima taɓarya, an jima macijin da ya hana ɗiban ruwa a rijiya. In zai yi Gizo sai ya lanƙwashe harshe ya yi tsamin bakin nan, ya ce "yanka ya daɗe shayki", kafin ya rufe baki yara sun zube da dariya. Ranar da na fara yi a gabansa na ce "sai kura ta ji tsoro", ya ɗaga min hannu ya ce tsaya, wa ya tambaye ka? Kada ka gaya musu ta ji tsoro, bari su gani a gwiwarka. Na yi wata guda ina koyon karkarwar gwiwa kawai. Ya koya min inda ake yin shiru, ya ce shirun da ka yi kafin Dodo ya yi magana ya fi maganar Dodon tsada, in ka yi gaggawa ka zubar da shi. Ya koya min yadda ake jefa wa jama'a waƙa su amsa don ka gane ko suna tare da kai ko hankalinsu ya tafi wajen mai gyaɗa. Ranku ya daɗe wannan ilimi ne, yana da ƙa'ida, yana da matakai, ana yin shekaru ana koyonsa, kuma babu littafin da yake ciki, a jikin mutane yake.

To ga kukanmu.

Na farko kuma mafi girma, a duk tsarin aikinku babu inda aka rubuta sunan sana'armu. Na taɓa zuwa wani ofis da takarda ina neman a ba ni izini a rubuce in riƙa shiga makarantu, jami'in ya karɓe ni da mutunci, ya jawo fom, ya ce malami ne kai? Na ce eh to. Ya ce ina NCE ɗinka? Na ce babu, difloma ce da ni a wani fannin daban. Ya ce to ɗan kwangila ne? Na ce a'a. Mawaƙi? A'a. Ya ajiye biro ya ce gaskiya malam ban san layin da zan sa ka ba, je ka ma'aikatar al'adu. Na je can suka ce ai harkar makaranta ta ma'aikatar ilimi ce. Fayil ɗin nan in yana da rai yanzu ya isa shiga aji uku. Abin da wannan yake haifarwa shi ne duk aikinmu ya rataya a wuyan mutum ɗaya, in hedimasta mai son abin ne ya ciro dubu biyu daga aljihunsa ko ya roƙi ƙungiyar iyayen yara su ba ka kuɗin mota, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki shi ke nan an rufe babin. Babu albashi, babu alawus, babu fansho, babu ko katin shaida da za ka nuna wa maigadi a bakin ƙofa. Maigidana ya shekara fiye da goma yana shiga makarantu a haka, yau ko takarda ɗaya babu da za ta nuna ya taɓa koyar da ɗan kowa.

Kuma ba wai abin ba ya aiki ba ne. Ajin da nake shiga yara sun kai casa'in, wasu a ƙasa wasu a taga, malamarsu da bulala a hannu ma ba ta samun shiru, amma da na ce ga ta nan ga ta nanku suka ce ta zo mu ji ta, za ka iya jin ƙarar ƙuda. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da malamar ta ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga hannu ba, har ana zaton ko ba ta ji sosai. A sati na shida na ce wa zai ƙarasa mana labarin jiya, sai ga ta ta miƙe, ta ɗaure ɗankwalinta a ƙugu ta yi muryar kishiyar uwa, ta kai labarin har ƙurunƙus ba ta yi tuntuɓe ba. Malamar sai da ta juya baya ta share ido. Yaron da ya iya tsara labari daga farko zuwa ƙarshe, ya san wa ya yi me kuma don me, shi ne gobe zai iya rubuta insha'i, da Hausa ne ko da Turancin da ake ta magana. A manhajar firamare akwai darasin al'adu da fasaha, amma ku shiga ku gani, allo ake cikawa da ma'anar wasan kwaikwayo yara su kwafa su haddace, ba su taɓa ganin an yi ba.

Na biyu, ba a tunawa da mu sai ranar biki. In 27 ga Mayu ta zo ranar yara, ko 26 ga Agusta Ranar Hausa, ko za a tafi bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, ko wani babban baƙo zai zo, sai waya ta yi ta ƙara. Ka zo tun ƙarfe tara, a zaunar da kai a rana bayan rumfa, a yi jawabi goma sha biyu, can wajen azahar mai gabatarwa ya raɗa maka cewa minti uku gare ka don mai girma zai tashi. Labarin da aka gina shi a kan minti ashirin ta yaya zai shiga minti uku fisabilillahi? Ka yi abin da za ka iya, a tafa, a ce ka ga wane zai sallame ka, wane ya ce a dawo Litinin. Mai rumfa da mai kujeru da mai lasifika duk da takardar kwangila suka zo, mu kuwa sai abin da zuciya ta bayar, shi ya sa har yau ake mana kallon maroƙa. Ni kaina sai da aka hana ni aure sau ɗaya a kan haka, kawun yarinyar ya ce ba zai ba mai wasan banza ba, amma wannan labarin wata rana ne.

Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai, adana aiki. Dan Maraya Jos ya rasu a 2015, mutumin da shi kaɗai da kuntiginsa yake zama miji ya zama mata ya zama mai raba su faɗa. Kasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya rasu a Nuwamban 2023. Ƙarƙuzu na Bodara ya rasu a Jos a Maris ɗin 2025 bayan ya daɗe yana fama da rashin gani. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan fa su ne sanannu, waɗanda rediyo da talabijin suka ɗauka, amma yau in ɗalibi yana son ya zauna ya kalli aikinsu daga farko zuwa ƙarshe ya nazarce shi ina zai je? Sai guntu-guntu a YouTube da wani bawan Allah ya ɗora daga tsohon kaset, hoto yana rawa murya tana shaƙewa. To ina ga ɗan kaman da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba, wanda yake ɗaura rawani ya zauna kamar shehin malami ya yi ta jawo baiti a kan tuwo da fura har mai awo ya manta da mudunsa? Irin su in suka tafi sun tafi da komai. Maigidana an taɓa ɗaukarsa a wani gidan talabijin sati goma sha uku a jere, da ya kwanta ciwo na je neman kaset ɗin don in nuna wa 'ya'yansa, wani tsohon ma'aikaci ya kai ni sito, ƙura har gwiwa, rufin yana yoyo, ya ce ɗana kada ka wahalar da kanka, lokacin da kaset ya yi tsada an ɗora wasu shirye-shirye a kan na da. Na fito na zauna a kan babur ɗina na kai minti goma ban tayar ba.

Sai maganar wurin yi. Dandalin da muka taso muna wasa a cikinsa an yanka shi filoti, wani wurin shaguna wani wurin gidan mai. Zaurukan taro na gwamnati da aka gina da sunan al'adu kuwa kuɗin hayarsu sai masu biki, ɗan wasan da yake karɓar ɗari biyu a ƙofa ba zai iya ba ko ya shekara yana tari. Tashe ma, wanda shi ne makarantar farko ta duk wani ɗan wasan Hausa, daga goma ga azumi yaro ya sa gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya koyi tsayawa gaban manya, a 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha sanar da hana shi saboda 'yan daba suna fakewa da shi. Mun san matsalar gaskiya ce, mu ma a unguwannin muke kwana, amma in an hana an kuma yi shiru ba a kawo madadin ba, yaran da ba su ji ba su gani ba su ne suka yi asara.

Akwai kuma masu ɗaukarmu a waya su yanka su ɗora a TikTok da Facebook da sunansu, su tara mabiya su karɓi talla, mai wasan ko kati ba a sa masa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta san da haƙƙin mai wasa, amma tsohon da bai iya karatun boko ba wa zai kai shi wajen lauya?

Na san abin da za ku ce, kuma ba ƙarya ba ne, akwai azuzuwan da babu rufi, akwai yara bila adadin da ba sa zuwa makaranta sam, akwai garuruwan da tsoron 'yan bindiga ya sa an rufe makarantun ma gaba ɗaya, wa yake ta tatsuniya? Shi ya sa ba mu zo da roƙon gini ko mota ba. Abin da muke nema yawancinsa biro ne da takarda.

Muna roƙo ku fitar da takarda zuwa ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da hedimastoci, ku fayyace musu cewa sauya harshen koyarwa bai hana darasin Hausa ba, bai hana tatsuniya da wasan kwaikwayo ba, don mutane irin hedimastan nan nawa su samu abin dafawa. A ware darasi ɗaya a sati, ko minti talatin da biyar ne, a rubuta shi a jadawali da sunansa yadda ba zai zama alfarma ba.

Muna roƙo ku buɗe mana layi a fom ɗin nan. Ku kira shi duk abin da kuka ga dama, malamin sana'a ko malami mai ziyara, a tantance mutum ta hanyar sa shi ya yi a gaban yara da malaman Hausa, a binciki halinsa wajen mai unguwa tunda harkar yara ce, in ya ci a ba shi kati da alawus a wata, mutum ɗaya zai iya zagaya makarantu biyar a sati. Ba mu ce a daidaita mu da mai digiri ba, amma ko rabin mafi ƙarancin albashi na dubu 70 aka ba mutum ya san da shi duk wata, zai iya cewa iyalinsa ga aikina.

A kwalejojin ilimi kuma, inda ake yaye malaman firamare, a gayyaci tsofaffin nan su riƙa shiga suna nuna wa ɗalibai yadda ake riƙe aji da murya da ido. Malamin lissafi ma yana buƙatar wannan. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo tun 1975, ga gidan wasansu na ginin ƙasa nan a Samaru, kuma tun a shekarun nan ɗalibansu suke fita ƙauyuka suna wasa da manoma a kan matsalolinsu. Jami'ar Bayero tana da sashen wasan kwaikwayo da cibiyar nazarin harsuna da adabin gargajiya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma tana da masana Hausa. Mutanen da za su yi aikin suna nan, haɗa su da mu ne kawai ba a yi ba.

Muna roƙo, kuma wannan shi ne na gaggawa, kowace jiha ta fitar da ɗalibai da kyamara su bi ƙananan hukumomi su ɗauki tsofaffin da suka rage, 'yan kama da 'yan gambara da tsofaffi mata masu tatsuniya, a ɗauke su suna yi a gaban jama'a ba a zaunar da su a ofis ana musu tambayoyi ba, a biya su, a rubuta sunansu a jiki, a ajiye kwafi a jami'a da ɗakin karatu na jiha da wuri irin Arewa House a Kaduna. Sannan a shiga sitocin gidajen rediyo da talabijin a ceto abin da ya rage a mayar da shi kan kwamfuta kafin damina ta gaba.

Ga tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, a yi musu rajista a sa su a inshorar lafiya ta jiha, a ɗan yanka musu wani abu duk wata da sharaɗin kowanne ya riƙe almajiri biyu ko uku yana koya musu. Mun gaji da ganin bidiyon dattijon da ya sa ƙasa dariya shekara talatin yana kwance a tabarma ana karanto lambar asusu. A Japan akwai masu irin sana'armu, ana kiranta rakugo, mutum ɗaya ne a zaune a kan matashi da mafici da ɗan ƙyalle yana yin muryar mutane da yawa, tun 1995 gwamnatinsu ta fara sa gwanayensu cikin jerin mutanen da take ɗauka a matsayin taskar ƙasa, masu wannan matsayi ana ba su yen miliyan 2 duk shekara don su horar da magada. Ba sai mun je nesa ba ma, 'yan uwanmu na Nijar sun kafa bikin masu ba da labari a Dogon Dutsi, garin da ake danganta ɗan wasan kwaikwayon nan Yazi Dogo da shi, suka sa wa bikin suna Gatan-Gatan. A nan gida kuma Tibi na Binuwai sun kai wasansu na Kwagh-hir cikin kundin al'adun duniya na UNESCO a 2019, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan sallar Kano ya shiga a Disambar 2024. Mun yi murna da hawan doki wallahi, amma wa ya taɓa zama ya cike takarda a kan tatsuniya ko kamanci?

Zauren taro kuwa ku ba mu yamma ɗaya a wata kyauta, mu za mu share mu kawo tabarmi mu sayi man janareto. Tashe kuma a zauna da masu unguwanni da 'yan sintiri a ware fili da lokaci, daga la'asar zuwa kafin shan ruwa ko bayan tarawihi a ƙofar gidan hakimi, yara su yi a gaban iyayensu.

In akwai wanda yake shakka a cikinku, kada ya aiko wakili, ya zaɓi makarantar da ya ga dama da ajin da ya fi kowanne hayaniya, ya zo ya zauna a benci na baya ba tare da jiniya ba, ya ba ni minti ashirin. Hular da sandar da mayafin suna wajena yanzu, maigida ya sa an miƙo min su ranar da na je duba shi a makon jiya. Na gaya masa zan rubuta muku, ya daɗe yana kallona, sannan da ƙyar ya ce in an amsa in zo in karanta masa.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya ƙara girma.

Naku,
Wani ɗan wasa mai koyar da tatsuniya, a madadin abokan sana'arsa.